Katakan da Darakta Ya Shafa wa Fenti

Mijin ƙanwata ne, saboda haka kada wani ya ce ƙage nake masa. Rabin abin da zan faɗa a tsakar gidansa na gani, rabin kuma daga bakin shagona, inda nake sayar da fenti da ƙusa da burushi.

Da can Ƙadangare ake ce masa, sunan kuwa ya dace da shi. Shekara goma sha uku ya yi a hannun wani dattijo da kowa ke kira Tsoho, mai kafa sikafol, wato ƙarafan nan da ake harhaɗawa a jikin dogon gini, a shimfiɗa katakai a kai don magina su sami wurin tsayawa. A hawa kam ba a ja da Ƙadangare. Sai ya soke sifana a ƙugu, kafin ka ƙifta ido yana hawa na huɗu, yana ɗaure noti da hannu ɗaya, ɗayan yana sosa kunne. Da ya tsaya a nan, da yau labarin mutumin kirki zan ba ku, ku yi hamma ku watse.

To amma akwai ciwon da ya daɗe yana cin sa, ciwon son a ce masa yallaɓai. Rana ɗaya ya tsaya a gaban Tsoho, ma'aikata na kallo, ya ce ya gaji da bautar mutumin da ko ofis ba shi da shi, sai benci a ƙarƙashin bishiya. Tsoho bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, Allah ya tsare." Kowa a wurin ya san wannan ƙofa ta rufu ke nan.

Kun san abin da ya fara saya da ya tashi kafa kamfaninsa? Hatimi. Sai jakar hannu, sai farar hular kwano wadda ƙura ba ta taɓa hawa kanta ba. Daga nan ya kafa doka a gida.

"Baban yara, ga ruwan wanka."

"Darakta."

"To, Darakta, ruwan dai hucewa yake yi."

Ƙarafan da ya samo tsofaffi ne amma lafiyarsu lau, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Wajen katako ne ya nuna halinsa. Ya je wurin masu sayar da kayan rusau ya kwaso guda sittin a araha, araha kuwa ba ta ado. Na same shi tsugune a tsakar gida yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a jiki. Wanda ya amsa da ƙarfi ya ture gefe, wanda ya yi amon wofi, alamar gara ta cinye cikinsa, ya zana masa alama da alli. Wajen ashirin suka sami alli.

Na ce, "Waɗannan na murhu ne ko?"

"Wane murhu? Hawan ƙasa za su. Wanda ya faɗo daga can ai kan yashi zai sauka."

"Ko a hawan ƙasan ai mutum ne zai taka."

Ya dube ni ta ƙasan ido. "Yaya, kai fenti ka sani, ni na san gini."

Fentin kuwa shi ya zo nema washegari. Masu wannan sana'a kowa yakan ɗan ɗiga launinsa a bakin ƙarfe don kada kayansa su cakuɗe da na wani. Ɗigo bai isar wa Darakta ba. Shi so yake a hango kamfaninsa daga bakin titi, komai ruwan lemo, daga sama har ƙasa. Na ce masa ƙarfe dai na ji, amma ban taɓa ganin an shafe katakon hawa ba. Ya ce shi ya sa har yau su Tsoho suke zaune a kan benci.

Ranar Asabar aka yi shafen. Fenti a igiyar shanya, fenti a bahon wanki, har kazar ƙanwata ta yi mako tana yawo da wutsiya ruwan lemo. Shafi biyu ya yi, mai kauri, don ya yi ƙyalli. Bayan katakan sun bushe an jera su, sai ƙanwata ta leƙo daga kicin.

"Darakta, ina waɗanda ka yi wa alama?"

Ya tsaya. Ya dubi katako sittin, duk fuska ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ƙwanƙwasa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, kaurin fenti ya dushe amon, shi kansa ya kasa rantsewa a kan ko ɗaya. Da mai hankali ne da ya ɗauki wuƙa ya kankare. Amma fentin ya yi kyau. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Allah zai tsare."

Aikinsa na farko bene ne mai hawa uku, daidai tsallaken shagona. Wata biyu yana bin ɗan kwangilar da gaisuwa da buɗe ƙofar mota kafin ya samu. Kuma duk maginan unguwa sun zuba ido. In aikin nan ya yi kyau, hanya ta buɗe masa. In ya ɓaci, ba mai sake ba shi ko katangar kaji, ga shi kuma ba hanyar komawa wurin Tsoho.

Kwana uku shi da ma'aikatansa biyu suna kafawa, ko in ce su suna kafawa, shi yana ƙasa yana nuni da biro. Katakan kuwa yadda suka zo hannu haka aka shimfiɗa su, mai rai da matacce, har hawa na uku. Abin ya tsaya yana sheƙi a rana, masu wucewa na tsayawa kallo. Darakta ya ɗau hoto ta gaba, ya ɗau ta gefe.

Da safe masu shafen siminti suka iso, shugabansu a gaba, wani farin gemu da ake kira Baba Birkila. Ya ajiye cokalin gininsa, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wa katako kwalliya?"

"Tsarin kamfani ne, Baba."

"Ɗana, katako ba amarya ba ne. Tsagarsa nake son gani, da kullinsa, da inda ruwa ya kwanta masa. Wanda ya rufe min fuskar katako, akwai abin da ba ya so in gani. Ba yarona da zai taka wannan."

Ɗan kwangila ya matso yana duba agogo. Darakta ya shiga rantse-rantse, ya ce sababbi ne, ko giwa za su ɗauka.

"Madalla," in ji Baba Birkila. "Mu ba giwa muka kawo ba. Ai dama wanda ya kafa shi yake fara takawa. Hau ka zaga hawa na uku, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka sauko. Sai mu bi bayanka."

Jama'a, mutumin da ya yi shekara goma sha uku yana tsalle a sama kamar biri, sai ga shi yana kallon takalminsa. Ya ce ƙasan takalmin santsi gare shi. Wani lebura ya cire nasa ya miƙa masa. Ya ce guiwarsa ta kwana tana ciwo. Ya ce a kamfanonin zamani shugaba ba ya hawa. Ya juya wurin ma'aikacinsa, wani da ake ce wa Bahago.

"Kai, hau ka nuna musu."

"Ni da na ɗauko su a kafaɗata? Yallaɓai, akwai waɗanda nauyinsu bai kai na buhun auduga ba. Da muna shimfiɗawa ma a kan ƙarfe nake tafiya."

A nan ne Darakta ya faɗi maganar da har gobe ban yafe masa ba. Ya matsa kusa da Baba Birkila, ya rage murya, amma har shagona na ji.

"Baba, a cikin mutanenka wa ya fi rashin nauyi? A fara da shi mana."

Baba Birkila ya juya wurin yaransa. Ya sa aka zaro katako ɗaya daga hawan ƙasa, aka ɗora bakinsa biyu a kan bulo, ya hau tsakiya ya yi tsalle. Katako ya riƙe.

"Kun gani! Kun gani ko!" Darakta har da tafi.

Aka kawo na biyu, ya riƙe. Darakta ya fara zagaya yana neman wanda zai kalli idonsa. Na uku kuwa Baba bai ma yi tsalle ba. Ƙafa ɗaya ya ɗora, sai ji muka yi ɓaras! Ya rabe biyu, gari ya zubo daga cikinsa kamar an fasa buhu. Fentin ne kaɗai ya rage yana reto a tsakani.

Baba ya sauko, ya share ƙafarsa a yashi. "Irin wannan nawa ne a sama?"

"Ban... ba su da yawa."

"A ina suke?"

Darakta ya ɗaga kai ya dubi sama. Ai shi ma bai sani ba.

Ɗan kwangila ya ce a kwashe masa wannan tarko daga jikin gininsa, ya ciro waya a gaban kowa ya kira Tsoho. Bahago da ɗan uwansa suka ajiye sifana suka bi masu shafe shan shayi, ba su dawo ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Darakta ya tuɓe riga, ya ajiye farar hula a kan jaka, ya kama ƙarfe ya hau.

Kwana biyu yana kwancewa shi kaɗai, mutanen Tsoho na zaune a inuwa suna jiran ya ba su wuri. Kuma duk wanda ke titin nan ya ga abu ɗaya: tun daga sama har ƙasa, bai ɗora ƙafarsa a kan katako ko ɗaya ba. A kan ƙarfe yake rarrafe, ya zuro katako da igiya, ya matsa gaba. Masu shago suka fito da kujeru. Wata mai sayar da ruwa ta ɗaga kai ta ce, "Sannu Darakta, a taka a hankali!"

Da ya sauke ƙarfen ƙarshe, wai don rashin kunya sai ya goge zufa ya nufi ɗan kwangila, ya ce ko akwai wani ɗan aikin a gaba, tun da yanzu an fahimci juna.

"Akwai," in ji ɗan kwangila. "Za mu haƙa rami a bayan gida. Can babu hawa."

Yau shekara huɗu ke nan. Bai sake kafa abin da ya wuce tsayin taga ba. Ƙarafan suna jingine a bayan ɗakinsa, masu taro kan zo haya su kafa rumfa. Duk wanda ya zauna kusa da shi kuwa sai ya ji labarin yadda magina suka haɗa masa kai don hassada, wai sun ga zai kawo ci gaba a sana'a. In ya fara, ƙanwata takan miƙe ta ce bari ta duba tukunya, ko da kuwa ba ta ɗora komai a wuta ba.