Farar Shamuwa a Harobanda

Mun tashi da asuba daga unguwar Lazaret, ni da kawuna, yayan mahaifiyata. Tun lokacin da fari ya ƙarar masa da shanu ya baro ƙauyensu na wajen Tahoua ya sauka gidana, yini yake a zaure shiru. Da ya ji wani tela maƙwabcinmu na cewa an ga farar shamuwa a unguwar Harobanda, can tsallaken kogi, sai ya ce mini, "Ɗana, kai ni in gani."

Taksin da muka shiga sai da muka tura ta kafin ta yarda ta tashi. A unguwar Plateau ma'aikata sai sauri suke, don a mulkin sojan nan ba mai gigin makara. A bakin gada jandarma ya karɓi takardunmu, ya tambayi inda za mu. Na ce kallon tsuntsu. Ya daɗe yana dubana, sannan ya miƙo takardun.

Kogin kuwa abin tausayi: rairayi ya fi ruwa yawa, jiragen masunta a kife, mata na ƙetarawa da ƙafa. A tsallake muka karya da kopto, kwaɗon zogalen nan, wurin wata Bazabarma. Farashin na bara ne, amma awon ya rame kamar mu. Ita ta nuna mana wata tsamiya inda shamuwar take.

Can muka tarar da mutane suna ta gardama. Ga tsuntsuwar fara fat a tsakiyar baƙaƙen shamuwoyi. Wasu na cewa balbela ce ta ƙoshi, wasu na cewa aljana ce. Wani har da tarkonsa, wai gashin na da magani.

Kawu ya ce, "Ku bari ta tashi."

Da ta tashi, wuyanta a miƙe yake, balbela kuwa naɗe nata take yi. Da ta sauko kusa muka ga jan gwiwa da shuɗin fuska irin na 'yan'uwanta. Shamuwa ce, baƙin gashi kawai Allah bai ba ta ba. A bakinta kuma ga ɗan kara.

Kawu ya dafa mai tarko. "Bawan Allah, sheƙa take yi. Ana kama mai kawo albishirin damina?" Mutumin ya sunkuyar da kai, ya naɗe igiyarsa.

A hanyar dawowa Kawu bai rufe baki ba. Muna isa gida ya ce in nemo masa irin gero, zai koma gyaran gona.

Na ce, "Kawu, ko gajimare babu fa."

Ya ce, "Ita shamuwar hadari ta gani ta fara gini?"

Yau da safe na raka shi tasha da ƙunshin irinsa. Ban san ko ruwan zai zo ba. Abin da na koya dai shi ne, in dattijo ya yi shiru, ba tuwo kaɗai yake bukata ba. A tambaye shi inda yake son zuwa.