Ƙusoshin Kawu Jatau

Kun sani, kafin a ga Kawu Jatau ake jin sa: aljihunsa cike da tsofaffin ƙusoshi, kacau-kacau. Bai taɓa wuce ƙusa a ƙasa ba. Ko a rakiyar gawa sai ya duƙa.

Da 'yan bindiga suka ƙone rumfar kwalekwalensa a bakin dam, ya rantse sai ya tayar da ita kafin bazara, yara su koma shan iska a kan ruwa kamar dā.

Matarsa, Inna Kande, ta ce, "Malam, kowa yana ta kansa, kai kana ta kwalekwale?"

"To ai shi ba ya iya gudu," in ji shi.

Na dawo hutu daga makaranta, ya ce tunda na iya lissafi, ni zan riƙe awo. A hankali na ce mu sayi katako a kasuwa. Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Ɗan boko, katako tuwon gara ne. Ƙirya za mu saro."

Ƙiryar kuwa sai bakin dajin Kamuku. Ni ban iya musu ba, na bi shi.

Mun sare dirka biyu ke nan muka ji babura, da yawa. Muka kwanta cikin ciyawa. Jikin Kawu na ɓari, aljihun ya fara kacau-kacau. Na danne shi da hannu biyu. Na ƙirga tara sun wuce. Na goma ya tsaya, har ina ganin bakin bindigarsa. Ya sauka, ya bubbuga wani abu a jikin babur, ya waiga wajenmu. Na ƙara danne aljihun. Can ya hau, ya bi sauran.

Kawu ya miƙe. Maimakon gida, sai ya nufi inda mutumin ya tsaya. Ya duƙa, ya ɗago notin da ya faɗo daga babur ɗin, ya hure ƙurar.

"Madalla. Sun fara kawo gudummawa."

Bai ga bazarar ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Mu muka ƙarasa rumfar, ba mu sayi ƙusa ko ɗaya ba. Notin nan shi ke riƙe da sakatar ƙofa. Ranar da yara suka shiga kwalekwale suna ihu, na ga Inna Kande ta duƙa a bakin ruwa, ta tsinci wani abu, ta ƙulle a haɓar zane.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kwantar da shi inda babu ƙarar babur.