Koren Biro a Cikin Kwallar Inna

Shekarun baya, ina budurwa a unguwar Yerimaram, na ari wani littafin soyayya a shagon hayar littattafai na bakin titinmu. A gefen shafin da jarumar ke kuka, sai na ga an rubuta da koren biro: "Wannan mutumin bai cancanci hawayenta ba."

Na daɗe ina kallon rubutun. Ni da ba ni da ƙawa ko ɗaya, yayyena duk sun yi aure, gidan daga ni sai mahaifiyata da rediyonta. Na yagi takarda na rubuta da jan biro: "Amma ai zai dawo." Na saka a littafin na mayar. Bayan kwana huɗu na sake aro shi, na tarar da amsa.

Haka muka ɗauki fiye da shekara. Littafin ya tsufa, ba mai taɓa shi sai mu. Ba suna, ba kwatance, hirar mutanen littattafai kawai muke yi. Amma ni tuni na gama ƙera mai koren biro a raina: dogo, mai farar shadda, mai magana a hankali. Har sunayen 'ya'yanmu na zaɓa, Allah Ya shirye ni.

Takardun koren biron nan na jera su bi da bi, na ɗaure da zare, na ɗiga musu humra, na ɓoye a cikin kwalla ta sama a jeren mahaifiyata, wadda ba a taɓa buɗewa. A takardata ta ƙarshe na yi ƙarfin hali na tambaya: "Za mu taɓa haɗuwa kuwa?" An ɗauki takardar, amsa ba ta zo ba.

Ana haka aka yi bikin 'yar maƙwabtanmu, wata shiru-shiru da ba ma wuce gaisuwa da ita. Na dawo daga kasuwa na ga jeren Inna ya yi giɓi.

"Inna, ina kwallar sama?"

"Na ba su aro, a cika wa amarya ɗaki a Mamudo. Bayan kwana bakwai za a dawo da ita. Ke kuma meye kika zaro ido haka? Zinariya kika ajiye a ciki?"

Washegari na hau motar Mamudo. Ina tunanin dangin ango sun buɗe suna karantawa suna shewa, ko an kunna murhu da su.

Na tarar da amarya ita kaɗai a bakin gado, takardun da na ɓoye a cinyarta, an kwance zaren. Ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, ashe ke ce mai jan biro?"

Na zauna a ƙasa. Ta jawo jakarta ta fito da nawa rubutun, a naɗe cikin ɗankwali.

"Wallahi ni malamin makaranta na zata, mai gilashi," in ji ta.

"Ke ai har shadda na ɗinka miki."

Muka yi dariya har lallenta ya jiƙe da hawaye. Taku goma ne tsakanin ƙofarmu da tasu. Kowacce tana ɗakinta tana jiran wani daga nesa, alhali mai jin maganarta tana tsallaken lungu.

Na kwaso korayen, ta riƙe jajayen. Ba a jima ba aiki ya kai mijinta kudu, zumuncin ya tsaya a saƙon gaisuwa ta bakin iyaye. Har yau in na tuna, ba saurayin da ban samu ba ne ke damuna. Hirar da za mu yi a kan tabarma ɗaya ce, da muka bar wa takarda.

Bara da damina Allah Ya yi mata rasuwa bayan doguwar jinya. Mahaifiyarta ta kawo min ɗankwalin nan, ta ce wasiyya ce. Na sauko da kwallar Inna, wadda yanzu ta zama tawa, na zauna ina jerawa: kore, ja, kore, ja. A bayan tambayata ta ƙarshe na sami sabuwar takarda ɗaya, rubutun ya ɗan karkace: "Mun haɗu, Yaya. Lokacin ne bai yi mana yawa ba."