Daga Farcen Mata Zuwa Robar Tasi

Yayarmu, wadda ita ce babba a ɗakinmu, shekara goma sha tara ta yi tana gyara wa mata farce a wani ɗan shago da ke tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Kujera biyu ce a ciki, sai fanka mai kuka, da kanta cike da ƙananan kwalaben jan farce. Gajeriyar mace ce mai arhar dariya, irin dariyar da sai ta dafa bango. Amma in ta ɗauki burushi, ko numfashi ba ta yi sai ta kai ƙarshen farcen.

Mijinta tasi yake ja, mu duka Direba muke ce masa. Injin motarsa lafiya lau, sai dai rana ta cinye cikinta. Robar gaba, da marikan ƙofa, da zobban da ke kewaye da ramukan iska, duk sun koɗe sun yi fari-fari kamar toka. Wata fasinja ta taɓa tambayarsa ko daga ƙasan kogi aka tsamo motar. Maganar ta tsaya masa a rai. Ranar hutunsa ya ɗauko ragowar baƙin fentin da aka shafa wa ƙofar gida, da burushi mai faɗin tafin hannu, ya lafta wa robobin tun daga dama har hagu.

Kwana biyu fentin bai bushe ba. A na uku ya ɗauki wani mutum mai farar riga, mutumin ya jingina da ƙofa, ya sauka da baƙin zane tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Kafin mako ya zagayo fentin ya soma ɓarewa kamar saɓar maciji.

Na je gidan daga makarantar da nake koyarwa, na tarar Direba yana ba da labarin da fuska a murtuke. Yaya ta yi dariya har ta zame daga kan kujera.

Da ta samu numfashi ta ce, “Baban yara, ka wanke robar kuwa kafin ka shafa?”

“Wanki kuma? Mota na ce miki, ba kwano ba.”

“To ai shi ya sa. Abu mai santsi da maiƙo ba ya riƙe launi. Ba ni ita ranar hutunka.”

“Ke da ba ki san birki da totur ba?”

“Tuƙa ta na ce zan yi?”

Ranar hutun ya ba ta makullin ne don ya huta da bakinta, ya fice wajen abokansa da sassafe don kada a yi ɓarnar a idonsa.

Yaya ta shiga motar da jakar aikinta. Kowane yanki sai ta ɗauki hotonsa a waya kafin ta taɓa shi. Da ɗan ƙarfen nan da take tura fatar gefen farce ta riƙa ɓanɓaro robobin a hankali, kusoshin kuma ta jera su a kwalin ƙwai, kowane rami da nasa. Komai ya tafi daidai har lokacin da wayonta ya yi mata yawa. Ta ce ai ruwan goge jan farce zai cire fentin Direba cikin ƙiftawar ido. Ta jiƙa auduga ta goga a murfin wani ɗan akwati da ke kusa da giyar motar. Fentin ya fita, robar ma ta bi shi. Murfin ya yi laushi ya kama audugar ya riƙe gam.

Ta kira ni a waya tana dariya tana raɗa, kamar Direba na bayanta. “Auta, na narkar da motar mutane. Zo ki kai ni wajen mai fenti.”

Mai fentin motoci na ƙarshen layinsu dattijo ne wanda gemunsa ya sha launi iri-iri. Ya juya murfin a hannu, ya dubi Yaya daga sama har ƙasa.

“Baiwar Allah, wannan ruwan cin roba yake yi. Ki koma ki turo maigidan.”

“Maigidan ne ya fara ɓata ta, Baba. Ni gyara na zo.”

Ya yi tsaki, amma ya fara bayani. A wanke da sabulu har maiƙo ya fita. A goge da sanfefa mai laushi.

“Don fuskar ta ɗan yi kaushi, launi ya samu wurin kamawa,” in ji Yaya.

Ya dakata. Ya ce sai a fesa fentin ƙasa, wanda aka yi shi don ya kama roba.

“Siriri. A bari ya sha iska, a ƙara. Na sama ma haka, sau uku, sannan mai sheƙi ya rufe,” Yaya ta ƙarasa masa.

“Wa ya koya miki?”

“Farcen matan unguwar nan.”

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya tona tarin tarkacen da ke bayan garejinsa ya samo mata wani murfin irin wanda ta narkar, ya zaɓar mata gwangwanayen feshi, ya nuna mata tazarar da za ta bari tsakanin gwangwani da roba.

A tsakar gida ta yi aikin. Ta rataye robobin da wayar ƙarfe a igiyar shanya, ta ɗaure hanci da ɗankwali, tana fesawa a gicciye. Tsakanin shafi da shafi kuwa ba ta iya zama. Sai ta zagaya igiyar tana waƙa tana juyi, ta leƙa wannan, ta gai da wancan. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta tambaya ko sabon wanki aka shigo da shi.

Direba baƙi ya ce a yi, baƙi kuma ta yi, mai laushi marar ɗaukar ido. Sai dai da ta zo kan zobban ramukan iska da marikan ƙofa, zuciyarta ta ƙi. Ta yi musu launin ruwan hanta.

Da la’asar ya dawo ya buɗe ƙofa. Ya shafa robar gaba da bayan yatsa, ya kankara da farce, ba abin da ya fita. Sannan idonsa ya sauka kan zobban.

“Maman yara, a tasha zan shiga da wannan? Ai sai su ce na buɗe shagon kwalliya.”

“Ka gwada kwana uku. In an yi maka dariya, na mayar baƙi.”

An yi masa dariyar kuwa, ta kwana ɗaya. A na biyu wani abokinsa ya biyo shi gida, wai ya zo gai da yara, da marikan ƙofa huɗu a leda. A na huɗu mutum biyu suka yi kiciɓis a ƙofar gidan, kowa yana ɓoye tasa ledar a baya. Yaya tana kallonsu ta taga, ta toshe baki da matashi don kada su ji ta.

Wata biyu tana haɗa sana’a biyu, har matan da ke zuwa gyaran farce suka fara ƙorafin cewa hannunta warin gareji yake yi. Sai dattijon nan mai fenti ya aiko a kira ta. Ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan abubuwa, in tana so ga rumfa a gefen garejinsa, shi ya ji da jikin mota, ita ta ji da ciki. Ta bar wa abokiyar aikinta shagon farce, ta ɗinka rigar aiki mai aljihu shida. Ranar da ta fara sa ta, sai da ta zagaya gidajenmu ɗaya bayan ɗaya don mu gani.

Yanzu shekararta ta shida ke nan a rumfar. Ta sa tabarau, ta yi furfura a gaban goshi, direbobi suna ce mata Hajja Roba, ita kuma tana amsawa da ƙarfi.

Bara na kai mata tawa motar. Ta fesa murfin akwatin gaba, ta rataye, ta ce kada in kusance shi, ta tafi wanke hannu. Sheƙin ya ja ni. Na ɗora babban yatsa kaɗan don in ji ko ya bushe. Da ta dawo ta tsaya tana kallon shatin yatsana, na ce ta yi haƙuri ta sake fesawa.

Ta ce, “Ina? Malama guda, mai hana yara taɓa allo.” Ta ɗauko mai sheƙi ta rufe shatin da shafi biyu, ta ɗaura murfin haka nan, tana dariya har kusoshin suna zubewa daga hannunta.