Bunsuru Mai Gashin Baki

Malamar lissafi ta gama ƙirga komai a ofishin karɓar katin shaida: mutum ashirin da bakwai a layi, kujera tara, fanka ɗaya mai rai. Sai idonta ya sauka kan wani ƙato mai gashin baki, wanda da ganin kafaɗunsa ka san ya sha ɗaga mutane da wuyan riga. Ɗan littafi ne a gwiwarsa, fensir kuwa ya kusa ɓacewa cikin yatsunsa.

Duk sanda akawu ya ce a ƙara haƙuri, jijiyar wuyan mutumin takan miƙe. Yakan ja numfashi sau uku, ya duƙa ya hau zane. Sau biyar tana gani, na shida ta leƙa. Akawun ne a takardar, an yi masa jikin kunkuru da tabarau.

"Yallaɓai, wannan fa?"

"Likita ne ya ɗora ni, Hajiya. Wai duk wanda ya ɓata mini rai in zana shi, kada in shaƙe shi. Yau kwana arba'in da ɗaya ban daka wa kowa tsawa ba. Maiɗakina ta ce in na kai sittin za ta dawo gida."

Ya miƙa mata littafin, ta shiga buɗe shafuka tana ƙirgawa. Maƙwabci sau biyu, suruki sau huɗu, sai wani bunsuru mai gashin baki har sau goma sha tara.

"Shi kuma wannan me ya yi maka haka?"

"Ni ne, Hajiya. Kullum shi ke fara tsokana."