Maimaita, Wadda Ta Tsayar Mana da Mai Aski

Kullum da safe sai ta goge tagar ɗakin magani na asibiti, ta gyara tabarau, ta ja kujera. Duk wanda ta miƙa wa magani, ba ya tafiya sai ya faɗa mata yadda zai sha. Shi ya sa ake ce mata Maimaita. Ga shi ta yi ritaya, kuma ni ba na manta wanda ke bin gidana bashin alheri.

Autana mai aski ne, yana fama da ciwon barci, rana tsaka sai ya ɓingire. Wannan ma da sauƙi. Da ya yi dariya, sai gwiwoyinsa su saki ya zube, alhali yana jin komai. Shagon aski kuwa ba ya rabuwa da barkwanci. Mutum nawa suka fita da rabin kai! Shago ya kusa mutuwa. A gida aka hana dariya, jikoki sai sun laɓe bayan ɗaki suke yin tasu.

Likita ya rubuta magani. Da Maimaita ta ce asalinsa na masu ciwon damuwa ne, Auta ya ce, "Hajiya, ni da dariya ke kayarwa?" Ya ƙyalƙyale, sai ga shi ƙasa.

Ta leƙo ta taga. "Ka gama? Kai ƙafafunka zai riƙe maka. Kada ka yanke shi ba da sanin likita ba. Maimaita."

Daga kwance ya maimaita.

Da ya ji sauƙi, sai gogan ya watsar da magani. Faɗuwa ta dawo, har ta fi ta da. Ranar nan a cinyar surukinsa ya sauka, almakashi a hannu. Maimaita, ke ce kika lura bai zo karɓar magani ba. Ke ce kika tako har shago, kika tasa shi gaba zuwa wurin likita kamar ɗan makaranta. Wa ya aike ki? Babu.

Ranar sallamar Maimaita daga aiki Auta ya je ya ce, "Hajiya, hutu sau uku a rana, bayan abinci. Maimaita!"

Ta harare shi, ta maimaita. Ya yi dariya har da hawaye, muna ta kallon gwiwoyinsa. Ko gezau.

Allah ya saka miki, 'yar albarka. Ku na bayanta, ku riƙa tsare mutane a tagar nan. Mu dai mun biya da dariya a tsaye; sauran sai Allah.