Kofin da Kabtin Bakur Bai Ga An Ci Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Abubakar. A gida Bakur muke ce masa, irin yadda mutanen Hijaz ke gajarta sunan, a filin ƙwallo kuwa Kabtin kowa ke kiransa, har waɗanda suka girme shi. Ni ƙanensa ne, Usman, tela a unguwar Ƙurban ta birnin Madina. Ban taɓa buga ƙwallon da wani zai tsaya kallo ba, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa a gaban jama'a cewa in aka miƙo mini ƙwallo sai na duba inda zan sa mata maɓalli. Duk da haka ni na tsaya a gefen fili ranar da ƙungiyarsa ta yi nasarar da ta fi kowace girma, shi kuwa bai ga ko minti ɗaya na wasan ba.

Kwalejin da ya koyar da motsa jiki ƙarama ce, ta koyon sana'a, a bayan unguwarmu. Ana koyon aikin lantarki, walda da gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wani dattijon malami ɗan Sudan ne ya kafa ƙungiyar ƙwallon tun kafin Bakur ya zo, kuma ɗaliban walda ne suka haɗa turakun raga da bututun ruwa. Filin ƙasa ne mai tsakuwa, wanda ya faɗi sai ya tashi da tabo. Yawancin 'yan wasan namu ne, jikokin alhazan da suka taso daga Kano da Damagaram da Barno suka zo suka zauna. Bakur ya yi musu tsawa da Hausa, su amsa da Larabci, kuma kowa ya gane kowa.

Abokan hamayyarmu wata kwalejin kasuwanci ce a unguwar Al-Sih. Suna da riguna kala biyu, suna da motar kansu, mu kuwa a bayan a-kori-kura ake jibge mu. Kocinsu Salim abokin Bakur ne tun suna yara, a ƙungiyar unguwa ɗaya suka taso. Amma in makon wasa ya kama, sai su tsaya a sahu ɗaya a masallacin Ƙuba, a yi sallama, kowa ya ɗauki takalminsa ya bi wata ƙofa. Gasar ƙananan kwalejojin gari sau ɗaya ake yinta a shekara, kuma kusan kullum mu da su ne a ƙarshe. Shekarun farko na Bakur ana ba-ni-in-ba-ka ne, bana mu, baɗi su.

Abin da ya rikita lissafin ba daga fili ya zo ba. Wanda bai zauna Madina ba ba zai san mene ne mausim ba. Makonni kafin Hajji da makonni bayansa gari na cika da baƙi, kuma gidajenmu da yawa abin da aka samu a wannan lokacin shi ke riƙe su har shekara ta zagayo. Iyaye mata na dafa abincin da alhazan ƙasarmu ke marmari, samari na ɗaukar kaya a masaukai, suna yi wa alhazai tafinta, suna raka su kasuwa da asibiti. A farkon shekarun casa'in mausim na faɗowa ne daf da dogon hutu, bai taɓa gasar ba. Amma Hajji na matsowa baya kowace shekara, a hankali a hankali, har ya zo ya zauna daram a kan makonnin gasa.

A nan yayana ya tafka kuskurensa, kuma zan faɗe shi don shi ma bai ɓoye ba. Bakur ya zama ma'aikacin gwamnati mai albashi, ya saba da farar riga mai guga, ya manta inda ya fito. Ya tara yara ya ce ko ƙwallo ko mausim, wanda ya rasa atisaye sau biyu ya ajiye riga. Yana zaton tsoratarwa ce. Washegari mutum tara suka ninke riguna suka ajiye masa a kan tebur, cikinsu har da Harun, mai tsaron gidan da ba mu da kamarsa. Taurin kai ya hana shi janye maganar. Ya kwashi waɗanda suka rage ya tafi Al-Sih, aka zura mana bakwai, kuma na ga alama Salim ne ya ce wa yaransa su sassauta.

Mudir, wato shugaban kwaleji, daman ya daɗe yana hararar filin, yana son wurin ajiye motocin malamai. Ya kira Bakur ya ce shekara ɗaya ta rage masa. In baɗi bai fito da cikakkiyar ƙungiya ta kai wasan ƙarshe ba, za a rushe ta a zuba kwalta.

Kwana biyu bayan haka yana zaune a shagona da la'asar, ya tasa shayi a gaba ya kasa sha, sai ga Hajiya Zinatu, mahaifiyar Harun, ƙawar mahaifiyarmu. Ko zama ba ta yi ba.

"Bakur, ni da uwarka muka soya waina a bakin Harami mausim bayan mausim," in ji ta. "Da me kake tsammani aka saya maka takalmin ƙwallonka na fari? Yanzu ka zama ustaz, ɗana ne zai zaɓa tsakanin wasa da cikin ƙannensa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi kuskure, Inna."

"Halas, shi ke nan, ka yi. To sai ka gyara."

Ta fita ta bar mana ƙanshin turarenta, ni kuwa na ci gaba da taka keke kamar ban ji komai ba, alhali raina fes.

Gyaran da ya yi shi ne abin da har yau ake kira tsayuwa. Ya mayar da atisaye bayan sallar asuba, kafin kowa ya tafi aiki. Sannan ya bi tsofaffin 'yan wasan kwalejin gida gida, da 'yan'uwa da surukai, ya roƙi abu ɗaya: ranar wasa, daga azahar zuwa magariba, kowa ya tsaya wa yaro ɗaya a wurin aikinsa, kuma ladan aikin na yaron ne. Masu masaukai na wancan zamani mutanen da muka sani ne, su dai kaya su hau sama, ba ruwansu da kafaɗar wa. Na ga direban tasi ya ajiye motarsa yana jidar akwatuna. Na ga ma'aikacin banki yana raka tsofaffi neman dabino. Ni ma an tura ni sau uku, har yau bayana bai yafe mini ba. Mutum taran nan duk suka dawo, muka bi ta kan kowa har wasan ƙarshe, da Al-Sih, ranar wata Alhamis.

Ana saura awa ɗaya a fara wasa, ni da Bakur muna shagona, waya ta yi ƙara. Harun ne. Motoci uku na alhazan ƙasarmu sun iso daga Makka ba zato, lif ɗin masaukin ya tsaya, kuma wanda aka turo ya tsaya masa ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Mai masauki ya ce ba inda zai motsa sai an kawo wanda zai iya magana da mutanen nan. Duk masu Hausa a bakinsu an riga an rarraba su. Mutum biyu suka rage, ni da Bakur, kuma ni a ranar ko miƙewa sosai ba na iyawa.

Ya dubi agogo, ya cire usur daga wuyansa ya rataya mini, ya damƙa mini takardar sunaye.

Na ce, "Yaya, me zan ce musu?"

"Kada ka ce musu komai. Wannan dai za ka iya, in sha Allahu."

Haka na tsaya a gefen fili, tela da usur a wuya. Magoya bayan Al-Sih suka fara rera mana "hammal, hammal", wato 'yan dako. Suka riga mu ci kafin hutun rabin lokaci. Yara suka kewaye ni suna jiran magana, na ce musu iyakar abin da na sani: Kabtin yana can yana hawa bene da kayan Harun. Harun ya ɗaure safar hannunsa ya miƙe, sauran suka bi shi.

Abin da na gani bayan nan ba zan manta ba. Yaran Al-Sih sun fi mu iya taɓa ƙwallo, wannan gaskiya ce, amma da rana ta yi sanyi sai suka fara dafa gwiwa, namu kuwa da suka shafe wata guda suna hawan bene hawa biyar da kaya a ka kamar yanzu aka fara. Muka farke. Alƙalin wasa ya ba su fanareti, Harun ya yi tsalle ya kaɗe ta da yatsu. Saura kaɗan a tashi muka samu kwana, wani dogon yaro ɗan ajin walda ya sa mata kai, ta shige. Na busa usur ɗin da ke wuyana ban san na busa ba, saura ƙiris a kore ni daga fili.

Da aka tashi Salim ya zo yana waige-waige. "Wen Bakur?" in ji shi, wato ina Bakur. Na faɗa masa. Sai ya ce in matsa masa a motarmu. Muka ɗunguma tsakiyar gari da kofi, ana ta ihu. Muka tarar da Kabtin a matakalar hawa na uku, rigar atisaye sharkaf da gumi, ƙaton buhu a kansa, wata tsohuwa 'yar Sakkwato na bin sa a baya tana cewa, "Kai yaro, bi a sannu, akwai zamzam a ciki." Ya kalli kofin, ya kalli Harun, idonsa ya cika. Sai ya ce mu dakata. Ya kai buhun hawa na biyar, ya nuna wa tsohuwar ɗakinta, sannan ya sauko ya rungumi Salim kafin kowa. Mudir bai sake maganar kwalta ba. Bakur ya ƙara cin kofin sau huɗu kafin ciwo ya zaunar da shi, amma wancan ne kullum yake sa ni in ba shi labarinsa, yana gyara mini inda na yi kuskure, shi da bai gani ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Tsofaffin masaukan duk an rushe, dogayen otal sun maye gurbinsu, kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata, ba mai barin ka tsaya wa wani sai da kati a wuya. Filin tsakuwa ya zama koriyar ciyawar roba. Na san zai yi tsaki ya ce yaran yanzu ba su san daɗin faɗuwa ba. Zai ji haushin jikokinsa da ko tsawa aka yi musu da Hausa sai sun nemi fassara. Amma na tabbata zai yi murmushi in ya ga wanda ke riƙe da ƙungiyar, domin Harun ne, da furfura a gemu. Shi ba ya tsawa, amma dokar farko da yake karanta wa sababbi ita ce ba a tambayar yaro ya zaɓa. Yanzu a kantin uba ko motar haya ake tsayuwar, kuma har gobe akwai takarda a aljihun koci mai sunayen waɗanda za a kira.

Kofin kansa ban san inda yake ba, wataƙila yana wani sito ya yi tsatsa. Abin da ya rage na Bakur na gan shi ne ranar da ya rasu. Da hantsi ya cika, tsakiyar mausim, aka ce za a yi masa salla bayan la'asar. Na zauna ina baƙin ciki biyu, don na san yaransa duk suna bakin aiki, kuma duk wanda zai tsaya musu shi ma mai son zuwa jana'izar ne. Amma da aka fito da makara sai na gan su, tsofaffi da sababbi, har ana ture juna wajen sa kafaɗa. Na kamo hannun Harun na ce, wa ya tsaya muku?

Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammi Usman, mutanen Al-Sih ne. Kabtin Salim ya rarraba su tun azahar. Shi da kansa yana kantin babana."

Salim bai samu sallar abokinsa ba. Sai bayan magariba ya zo gaisuwa, da ƙurar buhunan shinkafa a rigarsa.